Ƴan Hayar Cikin Saiwa: Neman Sabon Magani a Itatuwan Dajinmu



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci abin da ido ke gani da abin da ido ba ya gani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Ina gaida malamanmu da iyayenmu da suka bar hidimominsu suka zo. Ina gaida shugabannin ƙungiyarmu, na jiya da suka kafa ta da na yau da ke riƙe da ita. Ina gaida ku, ƴan uwana matasa maza da mata.

Da kwamitin shirya wannan biki ya ce in yi magana kan abin da nake karantawa a jami'a, na ce musu, "To, batun funfuna ne fa." Wani daga cikinsu ya yi dariya ya ce, "Funfuna kuma? Irin ta tuwon da ya kwana uku?" Na ce ita kuwa. Don haka ku yi mini haƙuri na ɗan lokaci. In sha Allahu kafin in zauna za ku ga abin da ya haɗa funfuna da saiwar sabara, da kuma lafiyar iyayenku da ƙannenku.

Takardar da na karanta wa inna

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Wata damina, ina shekara ta biyu a jami'a, kalme ya sari kawuna a ƙafa yana cikin noma. Ciwon ba wani babba ba ne. Ranar kasuwa ya sayi kafso mai ja da ɗorawa wajen mai talla, irin wanda ke yini a faranti cikin rana. Ya buɗe ɗaya ya barbaɗa a ciwon, ya haɗiyi sauran kwana uku, da ya ji sauƙi ya bari. Bayan kamar sati biyu ƙafa ta kumbura, ta soma ruwa da wari. A likitar ƙauye aka yi masa allurai, babu canji. Aka tura mu babban asibiti, aka ɗebi mugunyar aka kai labo.

Da sakamakon ya fito ni aka miƙa wa, tunda ni ke jin Faransanci. Sunayen magunguna ne a jere, kowane da harafi ɗaya a gabansa. Harafin S na nufin maganin zai ci ƙwayar cutar, harafin R na nufin ta fi ƙarfinsa. Ƴan uwa, na bi takardar nan daga sama har ƙasa, R, R, R. Inna tana kallona tana cewa, "Me suka ce?" Maganin da ya rage mai S tsada gare shi, sai da aka sayar da raguna biyu. Kawu ya tashi, alhamdu lillahi, amma ya bar yatsu biyu a asibiti, kuma hatsin shekarar wasu suka girbe masa.

Ba ni cewa kafson kwana ukun nan kaɗai ya jawo haka. Mai yiwuwa ƙwayar da ta shige shi ta riga ta ƙware tun a jikin wasu mutane ko dabbobi. Wannan ma shi ne abin tsoron, domin sakacin mutum ɗaya kan faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Yadda ƙwayar cuta ke gagarar magani

Mutane kan ce, "Jikina ya saba da maganin nan." A gaskiya ƙwayar cutar ce ke sabawa. Bakteriya irin E. coli, in ta samu yadda take so, takan rabu biyu kowane minti 20. Cikin miliyoyinsu ba a rasa ƴan kaɗan masu wata dabara ta kare kai. In ka sha antibiyotik ba a kan ƙa'ida ba, ko ka sha wanda rana ta kashe wa ƙarfi, sai ya kashe raunanan ya bar masu taurin kai. Su kuma fili ya zama nasu, su hayayyafa. Har ma suna iya miƙa wa junansu wannan dabara, kamar yadda kuke tura wa juna saƙo ta WhatsApp a fada.

Ku ƙara da shan antibiyotik don mura, alhali yawancin mura birus ke kawo ta, shi kuwa antibiyotik ba ya taɓa birus. Ku ƙara da wanda ake jiƙa wa kaji da bisashe ba lissafi. Ruwa ai ba ya tsami banza.

A shekarar 2022 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga wani babban bincike da ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai, mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta gagari magani. Yankin da abin ya fi tsanani a duk duniya, in aka auna da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma, da kusan mutum 27 cikin kowane 100,000. Wato mu ke nan.

Asalin maganin ma daga funfuna yake

A watan Satumba na 1928, wani likita mai bincike a Landan, Alexander Fleming, ya dawo daga hutu ya tarar funfuna ta faɗa cikin wani ɗan farantin da ya shuka bakteriya. Da ya duba da kyau, sai ya ga kewaye da funfunar nan bakteriyar ta mutu. Daga nan penisilin ya samo asali. Sai da Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Okusfod suka sha wahalar tace shi kafin ya zama magani, su ukun suka samu kyautar Nobel a 1945. A jawabinsa na karɓar kyautar, Fleming ya yi gargaɗi cewa shan maganin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Kun ga tun ranar suna aka hango abin da ya samu kawuna.

A wannan shekara ta 1945, wani farfesa a tsibirin Sardiniya na ƙasar Italiya, Giuseppe Brotzu, ya samo wata funfunar a ruwan teku, daidai inda magudanar ƙazantar gari ke zuba. Daga gare ta aka samu dangin magungunan da ake kira sefalosporin. Seftiriyakson, allurar da ake yi wa masu sanƙarau, jikar wannan funfuna ce. Waɗanda ke Yamai a 2015 ba su manta annobar sanƙarau ta shekarar ba, wadda ta kama fiye da mutum 8,000 a ƙasarmu, ta kashe fiye da 500. Da yawa daga waɗanda suka tashi, bayan ikon Allah, wannan allura ce sanadi.

Me ya sa funfuna ke yin magani? Ba ta da ƙafar gudu, ba ta da haƙorin cizo. In bakteriya ta zo cin abincinta, makaminta ɗaya ne, sinadarin da take fitarwa. Mu mutane aron makamin muka yi. Yawancin dangogin antibiyotik da muke amfani da su an samo su ne tsakanin shekarun 1940 da 1960, akasari daga ƙananan halittun cikin ƙasa. Daga baya masu bincike suka riƙa tona ƙasa suna sake cin karo da abin da aka riga aka sani. Dole aka fara neman wani wurin da ba a taɓa ba, kuma ɗaya daga wuraren shi ne cikin jikin tsiro.

Su wane ne ƴan hayar?

In ka tono saiwa lafiyayya, ka wanke ta fes, ka tsaga, ba za ka ga komai ba sai farin nama ko ja. Amma a tsakanin ƙwayoyin halittarta akwai zarurrukan funfuna sirara, sun fi gashi siranta nesa ba kusa ba, suna zaune ba tare da sun sa itacen ciwo ba. Masana na kiransu andofit, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "ciki" da "tsiro". Wani masani Bajamushe, Anton de Bary, ya fara amfani da kalmar a 1866. Kusan duk tsiron da aka bincika an same su a cikinsa, a ganye, a ɓawo, a saiwa.

Na nemi sunan da zan ba su da Hausa. Da farko na ce baƙi ne da ke zaune a ciki, to a kira su "baƙin ciki", sai na ga sunan zai ɓata mana biki. Don haka na koma kiransu ƴan haya. Itace shi ne mai gida, yana ba su ɗaki da abinci, wato sukarin da ganye ke haɗawa da hasken rana. Su kuma da yawansu da gadi suke biyan kuɗin haya. Saiwa kuwa ita ce ƙofar gidan, tana cikin ƙasa inda ɗan abin da cokalin shayi zai ɗebo ke ɗauke da miliyoyin ƙananan halittu. Mai gadin irin wannan ƙofa ba ya zama hannu sake.

Ga misalai da aka tabbatar. A Amurka akwai wata ciyawar kiwo da shanu ke ci suna ramewa, wasu har ƙafafunsu su lalace. A 1977 aka gano funfunar cikin ciyawar ce ke fitar da dafi, kuma ita ce ke kare ciyawar daga ƙwari. A gandun Yellowstone, can Amurka, akwai wata ciyawa da ke tsira a ƙasa mai zafi kusa da maɓuɓɓugan ruwan zafi. Binciken da aka buga a 2002 ya nuna cewa in tana tare da funfunarta takan jure zafin ƙasa har digiri 65, in aka raba su kuwa kowanensu mutuwa yake. Duk wanda ya taka yashin Tawa ba takalmi a watan Afrilu zai so ya san abin da ke cikin saiwar anza da aduwa.

A fannin magani, abin da ya ta da hankalin masu bincike shi ne rahoton 1993 na Andrea Stierle da Gary Strobel da Donald Stierle, cewa wata funfuna daga cikin wani itace na arewa maso yammacin Amurka tana yin taksol, maganin kansa da a da sai an saɓule ɓawon itacen ake samu. Abin da take yi ɗan mitsitsi ne, kuma daga baya wasu masana sun yi jayayya da sakamakon, amma shi ya buɗe ƙofar. A 2001 Strobel ya bayyana wata mai suna Muscodor albus, daga itacen kirfa a ƙasar Honduras, wadda tururin da take fitarwa kaɗai ke kashe wasu bakteriya da funfuna. Akwai kuma wadda ta kai har farmasi. A ƙasar Sifen an samu wata funfuna cikin ganyen wani ɗan itace, tana yin wani sinadari da aka bayyana a 2000. Aka yi ta gyara shi har ya zama ibreksafunjerp, maganin wata cutar funfuna da ke damun mata, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2021. Ku riƙe wannan lissafi, shekara 21.

Me ya sa itatuwan magani?

An ƙiyasta ire-iren funfuna a duniya sun kai tsakanin miliyan 2 da miliyan 4, amma waɗanda aka raɗa wa suna ba su wuce kamar 150,000 ba. Daji ne mai faɗi, mai shigarsa yana bukatar ɗan jagora. Jagoranmu su ne kakanninmu da masu maganin gargajiya.

Kun san sabara, da ake sha don tari da gudawa, mai jego ma ta yi wanka da ita. Kun san bagaruwa, da majema ke jima da ita, ake kuma sa garinta a ciwo. Kun san marke da kalgo. Kun san saiwar rawaya da ake jiƙawa don shawara. Kun san saiwar sanya, wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna. Ƙamshinta irin na man zafi ne, domin sinadarin da ke cikinta shi ne ake sawa a man zafi, kuma in aka wuce kima tana iya kisa. Aswakin da muke saye a bakin masallaci ma, na itacen arak, galibi saiwa ce. Tun 1980 wata tawagar masana ƙarƙashin Farfesa Edouard Adjanohoun, mutumin Benin, ta buga littafi kan tsirran maganin Nijar da yadda ake amfani da su.

Tunanin masu bincike shi ne, itacen da jikinsa ke cike da sinadarai masu ɗaci da kaifi, ba kowace funfuna ke iya zama cikinsa ba. Wadda ta iya, wataƙila tana da nata sinadaran na daban. Wani lokacin ma ana zaton wani kaso na amfanin saiwar daga ɗan hayar yake fitowa. Wannan zato ne da ake gwadawa, itace bayan itace. Ba a yanke hukunci kafin gwaji.

Yadda ake aikin a labo

Zan faɗa muku dalla-dalla don ku ga ba sihiri a ciki. Ana yanko ɗan guntun saiwa, tsawon yatsa ya isa, a kai labo da wuri. A wanke ƙasar. Sai a kashe duk abin da ke bayan saiwar: a tsoma ta cikin alkol mai ƙarfin kashi 70 kamar minti ɗaya, a tsoma cikin ruwan jabel da aka sirka na ƴan mintoci, a ɗauraye sau da yawa da ruwan da aka dafa a tukunyar tururi mai zafin digiri 121. A yayyanka ƙanana, a jera cikin ɗan farantin gilashi mai murfi, bisa wani abinci da ake haɗawa da ruwan dankalin turawa da sukari da agar, mai daskarewa kamar kunun da ya huce. Ana sa ɗan antibiyotik a ciki don kada bakteriya ta riga funfunar tashi. A ajiye a zafin digiri 25 zuwa 28, a jira.

Bayan ƴan kwanaki, wani lokaci sati biyu ko uku, sai ka ga zare na fitowa daga bakin yankan, wani fari kamar auduga, wani kore, wani baƙi. Kowane a ɗauke shi a kai nasa farantin. Sai a noma shi da yawa cikin ruwan abinci ko bisa dafaffiyar shinkafa na wasu satuttuka, a tatso sinadaransa da wani ruwa mai suna asetat na etil. A ɗiga abin da aka tatso bisa ƴar takarda mai faɗin milimita 6, a ɗora ta kan farantin da aka shafe da bakteriya, misali Staphylococcus aureus mai sa maruru da mugunya, ko Salmonella Typhi mai kawo taifot. A kwana a zafin digiri 37. Da safe, in akwai abin kirki, za ka ga da'ira wasai kewaye da takardar, inda bakteriyar ta kasa tsira. A auna faɗinta da ƴar rula. Bayan haka a nemi mafi ƙanƙantar kima da ke hana ta tsira, a kuma karanta DNA ɗin funfunar don a san ko wace ce.

Akwai wani faranti da ba a mantawa da shi. Ruwan ɗauraya na ƙarshe shi ma ana shuka shi. In wani abu ya tsiro a ciki, to wankinka bai yi ba, abin da ka samu na waje ne, ba ɗan haya ba. Karon farko da na yi aikin, farantaina suka cika da funfuna kala-kala, ina ta murna. Malaminmu ya ɗaga farantin ruwan ɗauraya ya nuna mini, shi ma ya cika. Aikin sati uku ya tafi kwandon shara. Wallahi na ji kamar in ɓoye farantin nan, ba wanda zai sani. Amma wanda ya yi alwala ya san ta warware, ko ba mai kallonsa ai sai ya sake.

Wani karon na samu da'ira mai kyau a kan Staphylococcus, a kan E. coli kuwa ko gezau. Haka aka saba gani, domin E. coli da ƴan uwanta suna da riga ta biyu a bayansu da ke hana sinadarai da yawa shiga. Bayan na yi ta sake dasa funfunar daga faranti zuwa faranti, da'irar ta riƙa raguwa. Wannan ma sananne ne a fannin: ɗan haya in ya bar gidan, sau da yawa sai ya daina gadi. Masu bincike kan gwada sa masa ɗan garin saiwar a abinci, ko su haɗa shi da wata ƙwayar a faranti ɗaya don ya farka.

Kada a ce na ce

A nan nake roƙon ku buɗe kunne. Da'ira a faranti ba magani ba ce tukuna. Ruwan jabel ma yana kashe bakteriya a faranti, amma ba mai ba ɗansa ya sha. Kafin abu ya zama magani sai an ware sinadarin shi kaɗai, an tabbatar ba wanda aka riga aka sani ba ne, an gwada ko yana cutar da ƙwayoyin jikin mutum, an gwada a dabbobi, sannan a mutane mataki uku. Akan ɗauki shekara 10 zuwa 15, kuma mafi yawan abin da aka fara da shi a hanya yake faɗuwa.

Ku sani kuma cikin funfunar da ke fitowa daga saiwa, sau da yawa akwai dangin Aspergillus da Fusarium, waɗanda wasunsu dafi suke yi. Aspergillus flavus, mai kama gujiya da masara in ba su bushe da kyau ba, tana yin aflatoksin, mai jawo kansar hanta. An gano shi ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gujiya. Mu da gujiya ke cikin ƙuli-ƙulinmu da miyarmu daga Maraɗi har Damagaram, wannan magana tamu ce. Don haka kada wani ya bar nan ya ce wai na ce a ci abin da ya yi funfuna. Kuma in kun ji mai lasifika a tasha yana cewa jami'a ta tabbatar saiwarsa na maganin taifot da sanyi da basir duk a kwalba ɗaya, ku tambaye shi wace jami'a, a kan mutum nawa aka gwada.

Wannan tsantseni gadonmu ne. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya jera sharuɗɗan gwada magani: ya zama tsantsa ba gauraye, a gwada shi a kan cuta guda, kuma amfaninsa ya riƙa maimaituwa ba sau ɗaya ba. Ibn al-Baitar, mutumin Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya yi yawon ƙasashe yana tattara tsirrai, ya rubuta bayanin magunguna kusan 1,400. Nan kusa da mu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan likitanci duk da nauyin mulki. Malamanmu sun sha karanta mana hadisan da ke nuna kowace cuta tana da magani, kuma an umarce mu da nemansa. Neman ya haɗa da zaman labo.

Saiwar da aka tone ba ta komawa

In ka ɗebi ganye, itace zai sake toho. In ka tone saiwa gaba ɗaya, ka kashe shi. Ku tambayi masu sayar da saiwoyi a kasuwa, za su gaya muku wasu itatuwan da a da ake samu a bayan gari, yanzu sai an yi tafiya mai nisa. Duk itacen da ya ƙare a wani yanki, da ƴan hayarsa yake tafiya, tun ba mu san sunansu ba. Ɗaya daga fa'idodin wannan bincike shi ne, in aka dace da funfuna mai amfani, guntun saiwa ɗaya ya isa. Sauran a kan shinkafa za a noma ta, itacen ya ci gaba da ba da inuwa.

Mu a nan mun riga mun ga abin da saiwa ke iyawa. Tun daga 1983, a jihar Maraɗi, manoma tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, suka fara barin kututturan da ke tohowa a gona, suna rage musu rassa suna renonsu. Shi ne sassaben zamani. An ƙiyasta ta wannan hanya an dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba shuka su aka yi ba, saiwoyin ne ke raye a ƙarƙashin ƙasa suna jira.

Akwai kuma batun haƙƙi. Tsohon da ya nuna maka itace, iliminsa ya ba ka. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka amince da ita, ta tanadi a nemi izinin masu tsiro da masu ilimin, a kuma raba amfanin da su. Ko ba yarjejeniya, Musulmi ya san cin amana haramun ne.

Abin da nake roƙonku

Na farko, kada ku sha antibiyotik sai ma'aikacin lafiya ya rubuta muku, ku saya a farmasi, ku sha yadda aka ce har iyakar kwanakin da aka ce. Kada ku ba wani ragowar naku.

Na biyu, ku zama idon gidajenku. Ku ne ke karanta wa iyaye takardar likita. In kun ga ana buɗe kafso a zuba a ciwo, ko ana jiƙa wa jariri, ku yi magana cikin ladabi. Ciwo sabo a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe, a je likita, a tambayi batun allurar tetanus.

Na uku, tsabta. Wanke hannu da sabulu, ruwan sha mai kyau, rigakafin yara. Cutar da ba ta kama ka ba, ba ta bukatar antibiyotik.

Na huɗu, ku zauna da tsofaffinku da littafi da biro. Sunan itace, inda yake fitowa, wane sashe ake ɗiba, a wane lokaci, don wace cuta, da kuma wanda aka hana wa sha. Ku rubuta da boko ko da ajami, da izininsu, da sunansu a kai.

Na biyar, ina ba shugabanninmu shawara ƙungiya ta samu ɗan fili, ko a harabar masallaci ko makaranta, a reni sabara da marke da bagaruwa da kalgo, kowane da allon sunansa. Mu kuma sa ranaku biyu a tsarin ayyukanmu na shekara: 31 ga Agusta, ranar maganin gargajiya ta Afirka, da satin 18 zuwa 24 ga Nuwamba, na faɗakarwa kan gagarar magani a duniya. Likita da mai maganin gargajiya da malami su zauna a tabarma ɗaya, mu yi musu tambayoyi.

Na shida, ga ƙannena da ke koleji da lise, musamman mata: kada ku gudu daga kimiyya don an ce tana da wuya. Muna da Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi, Jami'ar Andre Salifu a Damagaram, Jami'ar Jibo Hamani a Tawa. Muna da cibiyoyin bincike irin su CERMES da INRAN. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya dubi ranar da kowa ke kuka da zafinta ya mai da ita abin bincikensa har ƙarshen rayuwarsa. Aikin da na kwatanta muku matakinsa na farko bai fi ƙarfinmu ba. Faranti ne, da tukunyar tururi, da haƙuri, da gaskiya.

Ban yi muku alkawarin cewa maganin da zai maye gurbin waɗanda suka gaza yana cikin saiwar kalgon bayan gidanku ba. Allah kaɗai ya san inda ya ajiye shi. Amma na san takardar nan mai R, R, R ana ci gaba da miƙa irinta ga wasu iyalai, kuma wani cikinmu ne zai karanta wa innarsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan ƙungiya, ya ba mu ilimi mai amfani da ikon aiki da shi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, malamai su gyara mini.